Tarihin Ɗakin Shari'a A Ƙasar Kuta Da Minna

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa kotu, ko ya hau mota ta Gwada zuwa Minna don ɗaukaka ƙara, ya san yadda wurin yake. Ga benci an jera, ga akwatin da ake tsayawa, ga teburin magatakarda, ga kujerar alƙali a kan ɗan dandamali, ga kuma tambarin ƙasa a bango bisa kansa. Yaranmu sun buɗe ido sun tarar da haka, sai suka ɗauka tun fil'azal a irin wannan ɗaki ake shari'a. Alhali kuwa kakanninmu da suka fara sauka a ƙasar nan, a ƙasa suke zama gaban alƙali, a cikin zauren gidansa. Tsakanin wancan zaure da ginin yau, shekara ɗari ce da 'yan kai.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da nake so mu duba tare shi ne, duk lokacin da aka sauya ɗakin shari'a a ƙasar nan, an sauya wanda alƙali yake ƙarƙashinsa, an kuma sauya inda ake ajiye takardun hukunci. Wannan magana ta shafi kowa, amma mu da iyayenmu suka zo a matsayin baƙi ta fi shafa, domin mu ba mu da gonar kaka da kakanni da kowa ya san iyakarta. Abin da muka mallaka a nan, da shaida da takarda muka mallake shi.

Kafin zuwan Turawa

Ƙasar Kuta ƙasar Gbagyi ce, mutanen da bakinmu ya saba kira Gwarawa. Su ne masu masaukinmu, kuma tun kafin mu zo suna da hanyarsu ta raba gardama. Rigimar gona ko ta aure, dattawan dangi ne ke fara zama a kanta, in ta gagara a kai gaban sarki da 'yan majalisarsa, a yanke bisa al'ada. A wancan zamani garuruwan Gbagyi da yawa a kan duwatsu suke ko a gindinsu, saboda hare-haren neman bayi, musamman daga wajen Kontagora, garin da Umaru Nagwamatse ya kafa. Ita kanta Minna a kan dutse ta fara.

Hausawa kuwa sun shigo ne a matsayin fatake da malamai da mahauta da masu sana'ar hannu. Inda suka sauka ya zama zango. In biyu daga cikinsu suka saɓa a kan bashi ko kayan amana, ba sa kai wa sarkin gari, sai su je wurin maigidan da ya sauke su, ko sarkin zango, ko liman. A zaure ake zama, a ji ta bakin kowa, a nemi sulhu.

A manyan masarautu irin su Kano da Zazzau da Bida abin ya fi haka tsari, don akwai alƙalin da sarki ya naɗa. Amma shi ma ba shi da wani gini daban da ake kira kotu. Zauren gidansa shi ne ɗakin shari'a. Yana zaune a kan buzu, muhuti na gefensa, littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa suna cikin gafaka. Mai ƙara da wanda ake ƙara su tuɓe takalma, su zauna a gabansa. A nemi mai ƙara ya kawo shaidu, in ba shi da su a ba wanda ya musa rantsuwa. Manyan shari'u, irin na jini da na ƙasa, sai fadar sarki.

Wannan tsari yana da daɗinsa. Babu jinkiri, babu kuɗin mota, kuma alƙali ya san mutanen da ke gabansa. Sai dai ƙofar da ake shiga ƙofar gidan mutum ce. Wanda ya saba da gidan zai shiga da ƙarfin gwiwa, baƙo kuma zai shiga yana ɗari-ɗari. Haka nan in alƙali ya rasu, abin da ya rubuta, in ma ya rubuta, yakan bi gafakarsa zuwa hannun magada.

Zungeru da zamanin diga

A ranar 1 ga Janairu 1900 Ingila ta ayyana mulkinta a kan Arewa, Lugga yana shugaba. A farkon 1901 sojojinsa suka ci Kontagora da Bida, a 1902 kuma ya mai da hedikwatarsa Zungeru, nan kusa da mu. Ashe ke nan dokokin da suka tsara kotunan Arewa baki ɗaya, a maƙwabtanmu aka zauna aka rubuta wasunsu. Tun a 1900 aka yi dokar kotunan gargajiya, aka sake ta a 1906. Turawa ba su rushe alƙalanci ba, sai suka ɗaure shi da igiyarsu. Babu kotun da za ta zauna sai da takardar izini daga Razdan. Razdan da Di'o suna da ikon shiga kowace kotu su duba littafinta, su rage hukunci ko su sa a sake shari'a. Shi kansa Razdan yana da tasa kotun ta lardi. An hana yanke hannu, hukuncin kisa kuma sai Gwamna ya sa hannu.

Abu biyu suka shigo a nan da suka tilasta a fitar da shari'a daga zaure. Na farko littafin rajista: dole a rubuta sunan masu shari'a da abin da aka yanke, don Bature ya zo ya duba. Na biyu kuɗi: da aka kafa baitulmalin En'e, sai aka yanka wa alƙali albashi, tara da kuɗin ƙara kuma suka koma shiga baitulmali da rasit. To, wurin da ake ajiye littafi da akwatin kuɗi, ai dole ya samu ƙofa da kwaɗo.

Sai ga aikin diga. Tsakanin 1907 da 1911 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, kuma ta Minna ta bi. Aka tara leburori, Gbagyi da Nufawa da Hausawa, aka sauke kowace ƙabila a sansaninta. Waɗannan sansanoni ne suka zama wasu daga cikin tsofaffin unguwannin Minna. Mutane daga ƙasashe daban-daban, ga kuɗin lada a hannu, ga bashi, ga aure, ga mutuwa da rabon gado, kuma babu wani dattijo guda da kowa ya yarda da shi. Masu rubuta tarihin Minna sun kawo cewa a 1908 aka naɗa wa sansanonin alƙali, aka gina masa gida na dindindin, kuma a cikin harabar gidan nan aka yi kurkuku. 'Yan sanda ma daga baya suka zo.

Ku lura da wannan, jama'a. Ɗaya daga cikin gine-ginen hukuma na farko a Minna gidan alƙali ne, kuma taron baƙi ne ya jawo shi. Ɗan gari yana da dangin da za su tsaya masa, baƙo kuwa sai shari'a. Ku kuma lura da siffar ginin: gidan kwanan alƙali, da wurin shari'a, da wurin tsare mutane, duk katanga ɗaya ta kewaye su. An fara fita daga zaure, amma ba a yi nisa ba.

A wancan lokaci Kuta ce babba a idon Turawa, har sunanta suka sa wa sashen mulkin da ya haɗa garuruwan Gbagyi na wannan yanki. Amma jirgi a Minna yake tsayawa, nan ne kuma layin Baro ya haɗu da wanda ya taso daga Ikko. Sannu a hankali ofisoshi suka tattara a can, sashen ya koma amsa sunan Minna. Ko sarautar ma ta bi wannan hanya, don marigayi Alhaji Ahmadu Bahago sarautar Kuta ya riƙe kafin ya zama sarkin Minna. Tun daga nan, babbar shari'a ta zama abin da mutumin Kuta yake yi wa tafiya.

Kotun En'e

Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka kasa kotunan gargajiya daraja huɗu. Masu daraja ta ɗaya su ne na manyan sarakuna da manyan alƙalansu, su ke iya shari'ar kisa. Sauran ukun an iyakance musu yawan tara da tsawon ɗaurin da za su iya yankewa. A ƙasa irin tamu, inda Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suke zaune tare, sai aka samu iri biyu: kotun alƙali mai hukunci da fiƙihu, da kotun sarki da dattawa mai hukunci da al'adar gari.

A zamanin En'e ne ɗakin shari'a ya zama gini mai zaman kansa a garuruwan Arewa. Dattawanmu da suka ga irinsa suna ba da labari: ginin ƙasa ne mai kauri, wani da rufin azara wani da ciyawa, daga baya aka riƙa sa kwano. Ɗaki ne babba guda, da ɗan ƙaramin ɗaki na ajiye littattafai. Ɗan doka na bakin ƙofa, jama'a na zaune a inuwa suna jiran a kira su. Lauya ba ya shiga, doka ta hana, kowa da bakinsa yake kare kansa. Da Larabci ko ajami ake rubutu, sannu a hankali boko ya shigo.

Inda ake gina ta ma abin dubawa ne. Yawanci kusa da fada take, ga baitulmali, ga ofishin 'yan doka, ga gidan yari. Ba don a rage wa mutane tafiya kawai aka yi haka ba. Duka huɗun hannu ɗaya ke riƙe da su. Hukumar da ta kama ka, ita ke biyan alƙalin da zai yi maka shari'a, ita ce kuma mai gidan yarin da za a kai ka. In kai da talaka ɗan'uwanka kuke shari'a, sau da yawa za ka samu gaskiya cikin sauri. In kuwa da mai sarauta ne, to, sai addu'a.

An yi ta gyare-gyare. A 1933, zamanin Gwamna Kamaru, aka soke kotunan Razdan, aka kafa babbar kotu da kotunan majistare, aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, da malamai daga Sudan, don a samu alƙalai masu horo. Amma da siyasa ta zo a shekarun 1950, sai kukan ya ƙaru. 'Yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, sun sha kokawa cewa ana amfani da kotunan En'e ana ɗaure magoya bayansu. Ƙabilun da ba Musulmi ba su ma suna da nasu tsoron game da abin da zai faru in Bature ya tafi.

Saboda haka a 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin babban jojin Sudan, Abu Rannat. Daga shawararsu aka yi kundin dokokin laifuffuka, wato Final Kod, aka zartar da shi a 1959, ya fara aiki a jajibirin samun 'yancin kai a 1960. An ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya. Aka riƙa kai alƙalai kwas Zariya don su koyi aiki da shi. Aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Kaduna don al'amuran aure da gado da wasiyya, inda Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. Daga nan kan teburin alƙali ya zama littafi biyu: na fiƙihu a hannun dama, na gwamnati a hannun hagu.

Daga eriya kotu zuwa yau

Babban sauyi a zamanin soja ya zo. A 1967, lokacin da Hassan Usman Katsina yake gwamnan Arewa, aka soke kotunan sarakuna, aka yi dokar kotunan yanki, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Afrilu 1968. Su ne muke kira eriya kotu. Aka zare alƙali daga hannun En'e, ya zama ma'aikacin gwamnatin jiha ƙarƙashin babban joji, da sufetoci masu zagayawa suna duba aikinsa. Gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya, 'yan doka ma aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Abubuwa huɗun nan da suke hannu ɗaya, aka rarraba su.

Ginin ma ya bi. Aka koma bulo da siminti, da tagogin ƙarfe, da benci, da akwatin tsayawa, da tambarin ƙasa a bango. Ana iya kawo maka alƙalin da bai taɓa kwana a garinku ba, bayan 'yan shekaru a ɗauke shi a kawo wani. Wasu dattawa ba su so haka ba, suna cewa baƙo ina ya san iyakar gona. Amma ga mu 'yan zango akwai riba a ciki, don alƙalin da ba ɗan kowa ba ne a gari ya fi sauƙin kallon mutum biyu da ido ɗaya. Sharaɗin dai shi ne, tunda alƙali mai tafiya ne, dole littafi ya zauna.

A wancan lokaci muna cikin Jihar Arewa Maso Yamma, hedikwata tana Sakkwato. Ku auna nisan da kanku. Sai a ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni, ta samu babbar kotun jiha da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci da nata Alƙalin Alƙalai. Kuta kuma ta zama hedikwatar ƙaramar hukumar Shiroro, mai sunan madatsar ruwan da aka buɗe a 1990 a kan Kogin Kaduna. A 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya, Jihar Neja ƙarƙashin Gwamna Abdulƙadir Kure ta shiga sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, daga baya kuma aka mai da kotunan yanki kotunan shari'a. A wurare da yawa allon ƙofa kawai aka sauya, ɗakin yana nan, durowar takardun ma tana nan.

Abin da ya rage gare mu

A kan wannan durowa nake so in tsaya. Akwai wani maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa, da ya sayi fili tun muna yara daga hannun wani dattijo Bagware amininsa. Sun yi ciniki da mutunci, har wata 'yar gardamar iyaka da ta taso aka je gaban alƙali aka daidaita, aka rubuta. Shi bai karɓi kwafi ba, ya ce ai yana cikin littafin hukuma. Shekaru suka wuce, su biyun suka rasu, 'ya'ya suka tashi ba su san abin da iyaye suka ƙulla ba. Da magana ta taso aka je neman littafin, sai aka tarar rufin ɗakin ajiya ya daɗe yana yoyo, gara ta gama da abin da ruwa ya bari. Allah ya taimaka akwai tsofaffi biyu da suka halarci cinikin, ɗaya daga nan unguwa ɗaya daga cikin gari. Aka koma zaure, suka faɗi abin da suka sani, aka sasanta. Yau su ma duk sun riga mu gidan gaskiya. Da rigimar ta jinkirta shekara biyar, da wa za a kira?

Akwai kuma abin da ya fi gara muni, kuma duk mun gan shi da idonmu. 'Yan'uwanmu daga ƙauyukan Shiroro sun kwana a azuzuwan makaranta a Kuta da Gwada, sun baro gida da gona saboda 'yan bindiga. A watan Afrilun 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. A wannan shekarar jaridu suka ruwaito cewa a wasu ƙauyuka masu bindiga sun hana mutane kai ƙara wurin hukuma, sun ce a kawo musu. Wannan ita ce shari'ar da babu shaida, babu littafi, babu ɗaukaka ƙara. Duk ƙorafin da muke yi a kan jinkirin kotu da yawan ɗage zama, gaskiya ne, amma wanda ya baro irin wancan wuri ya san darajar ɗakin da za ka shiga ka faɗi naka, a rubuta, in ba ka gamsu ba ka hau mota zuwa Minna. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya mutane suka koma, rigimar iyakar gona da ta gado za ta yi yawa, don shaidu da dama sun rasu ko sun watse.

Don haka ga shawarata. Duk wanda aka taɓa yi wa hukunci a kan fili ko gado ko saki, ya je ya nemi kwafi mai hatimin kotu tun littafin yana nan. Wanda ya sayi fili da baki da goro, ya nemi magadan mai filin tun ana ga-maciji, a rubuta, masu unguwa na ɓangarorin biyu su sa hannu, sannan a bi ta ƙaramar hukuma a nemi takardar mallaka, tunda dokar ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon bayar da ita a filayen karkara. Matasanmu masu waya su ɗauki hoton takardun gidansu su adana. Ƙungiyar unguwa kuma, yadda muke haɗa kuɗi mu gyara rufin masallaci da makabarta, ba laifi ba ne mu haɗa kai da 'yan'uwanmu Gbagyi mu je mu ga hukuma a kan gyaran ɗakunan ajiyar takardun kotu. Takardunmu da nasu a durowa ɗaya suke.

Sannan ina roƙon dattawan da suka ga kotun En'e da idonsu, su kira jikoki su nuna musu inda take, su faɗi yadda ake zama a cikinta, a rubuta a aiko wa wannan mujalla. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci, ya mayar da waɗanda suka baro gidajensu lafiya. Amin.